Ranar da Walƙiya Ya Fi Kowa Farin Ciki

Walƙiya ake ce masa a gida, kuma sunan ya bi shi. Ɗan shekara goma sha biyu ne, kafin ka ce masa zauna ya kai bakin ƙofa. Wani makon ka ji shi yana zuba kamar famfon da ya lalace. Wani makon kuma ya kwanta ya juya wa duniya baya, ko abinci sai da lallashi.

Mahaifiyarsa tela ce, kuma baiwar Allah ta sha surutu. Wannan ya ce sangarta ce, wancan ya ce bulala ce maganinsa. Ta toshe kunne ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likita ya ce lalura biyu ce ta haɗu masa: ɗaya mai ɗaga mutum sama ta jefo shi ƙasa, ɗaya kuma mai hana natsuwa. Ya rubuta magani, ya ce a kiyaye masa lokacin barci.

Kai, ban taɓa ganin mace mai haƙurin wannan ba! In ya ɗaga murya, ita sai ta sauke tata. A shagonta, bayan labule, ta shimfiɗa masa tabarma ta ajiye buhun ƙyallaye. Da ta ga idonsa ya fara rawa sai ta ce, "Zo ka ware min ja daga shuɗi." Yana warewa, wutar tana lafawa.

Ana nan sai ta samu ciki. Da haihuwarta ta zo, aka ce sai an yi mata aiki. Maigidan direban babbar mota ne, yana kan hanya, don haka yayarsa, wadda yara ke kira Gwaggo, ta zo riƙon gida. Telar ta damƙa mata maganin, ta riƙe hannunta.

"Yaya, don Allah kada ya tsallake ko sau ɗaya. Kuma ranar da kika ga ya fi kowa farin ciki, ranar za ki fi sa masa ido."

Gwaggo ta taɓe baki. "Ni za ki koya wa raino? Je ki sauka lafiya."

Gwaggo ba muguwa ba ce, son yaron take yi. Ta gan shi yana wasa da dariya, sai tausayi ya kama ta. "Wannan ne marar lafiya? Ana dai ta ɗura wa yaro ƙwayoyi a banza." Ta jefa maganin saman kabad.

Aka kwana biyu, Walƙiya ya ƙara haske. Ya share gida, ya wanke kwanukan da aka riga aka wanke, yana waƙa. Barcinsa ya ragu, surutunsa ya ƙaru. Gwaggo har waya ta yi wa ƙaninta tana murna: "Ɗanka ya warke sarai, dama matarka ce mai tsoro."

Wata safiya tana shanya sai ta ji muryarsa daga sama. Yana tsaye a kan ƙarfen tankin ruwa, hannuwa a buɗe.

"Gwaggo, kalle ni! Zan dira kan rufin maƙwabta. Ni ba na faɗuwa!"

Kafin ta rufe salati ya yi tsalle. Bai kai ba.

Ƙashin cinyarsa ya karye har wuri biyu. Likitan ƙashi bai ɓoye musu ba: zai taka, amma da ɗingishi har abada.

A asibitin da aka kwantar da shi uwar take, ita da jaririn da ta haifa. Da ɗinkinta ɗanye, tana dafa bango, ta lallaɓo har ɗakinsa. Ta tarar ya juya fuska ga bango, farin cikin nan ya tafi kamar ba a yi ba. Gwaggo na rakuɓe a gefe, ido ya kumbura, tana jiran a wanke ta tas.

"Umma," in ji yaron a hankali, "ni ba ni da amfani. Kullum wahala nake ba ki."

Ta zauna da ƙyar, ta shafa kansa. "Ciwon ne yake magana, ba kai ba. Na san muryar ɗana."

Sannan ta juya ga Gwaggo, wadda ta fashe da kuka tana neman gafara.

"Yaya, aikin gama ya gama. Kuka ba zai ɗora ƙashi ba. Ni yanzu hannuna biyu ne, 'ya'ya biyu. Ki je shago ki ɗauko min buhun ƙyallayen nan, ki biya gida ki sauko da maganin. In kin dawo, mu je wurin likitansa tare, ki ji da kunnenki."

Gwaggo ta je ta dawo, ta ji da kunnenta. Yau ita ke kashe fitila in lokacin barcinsa ya yi, ita ke fara lura in dariyarsa ta wuce kima. Amma duk sanda ta ji takunsa a tsakar gida, ƙafa ɗaya na jan ɗaya, sai ta sunkuyar da kai.

Jama'a, yaro mai irin wannan lalura ba sangartacce ba ne, kuma yawan fara'arsa ba shaidar warkewa ba ce. Kada a dakatar da magani sai da izinin likita, a kuma saurari uwar da ke fama da shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.