Burtu a Greensboro

Da wata barewa ta sa baki a tafin jikata ta cinye yankan tuffa, mutanen wurin shaƙatawar da ke birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, suka ɗaga wayoyi suna murna. Ni kuwa ban yi murna ba. Na tsufa ina farauta a dajin Gaya, ban taɓa ganin naman daji ya saba da hannun mutum ya kai baɗi ba. Ga kuma titi can bayan itatuwa, motoci na sheƙa gudu.

Na cire hula na daka wa barewar tsawa.

"Kaka, wannan mugunta ce!" in ji jikata, rabi da Turanci.

"Ke dai zuba ido, 'yar nan."

Kullum da safe sai in hau bas daga unguwarmu ta Glenwood da murafen tukunya biyu. Barewar ta matso, in buga mata su. Masu motsa jiki suka ɗauka na taɓu. Muna haka har ganye ya yi ja ya zube.

Ranar da zan gwada ta, na tafi da jikata. Na ɗaura kan burtu a goshi, irin wanda maharba ke sawa su zama kamar tsuntsu, na rarrafa cikin ciyawa. Da shi na yaudari bareyin dajin Gaya ba adadi.

Barewar ta ɗaga kai, ta shaƙi iska. Sai ta ɗage farar wutsiyarta, ta faɗa kurmi, ko waiwaye babu.

"Kaka, ta guje ka."

Na miƙe, gwiwoyina duk laka, bakina har kunne.

"Ai dole. Ɗalibar wa kike tsammani?"