Wa Ya Sayar da Kwatar Zango?

Da takalmi wari guda Maman ya baro masallaci ranar da labarin ya iso, bai ko tsaya neman ɗayan ba. Kuɗin da gwamnati ta ware don gina babbar kwatar siminti, wadda a nan Wagadugu ake ce wa kanibo, an ba unguwar Wemtenga. Unguwarsu ta Zango ko tsakuwa ba ta samu ba.

Wemtenga fa! Su a Zango damunar bara sai da ruwa ya kai wa babban mutum ƙirji, ya janye ya bar baƙin zane a jikin kowane bango. Gidan Maman ne a gangare, ginin laka ne tun na ubansa mai fataucin goro. Ɗakin tsohuwarsa ya tsage har hannu na shiga. Magini bai ɓoye masa ba: in irin ruwan nan ya sake zuwa sau ɗaya, gidan ya kwanta.

Shi ya sa da aka ce tawaga za ta zo duba unguwannin da suka nemi aikin, Maman ya rufe shagonsa na atamfa ya ɗaura ɗamara. Talauci daban, ƙazanta daban, in ji shi, kuma ba za a shigo Zango a koma ana cewa Hausawa a juji suke kwana ba. Ya sa aka kwashe bola, aka cike ramuka da jar ƙasa, aka bi layin gida-gida da farar ƙasa, aka yi hayar rumfa da kujeru. Iyatu matarsa ta dama zom-kom, ruwan gero da ake tarbar baƙi da shi, cike da babbar roba. Har rago aka kayar.

Mutum ɗaya ne ya ƙi sa hannu: Rafi'u maƙwabcinsa, direban babbar mota, mutumin Maraɗi.

"Malam Maman, baƙin nan ɗaurin aure za su zo?"

"Kai da ka saba kwana ƙarƙashin mota, ina ka san mutunci?"

Maman ya jira Rafi'u ya yi tafiya, ya sa aka gyara masa ƙofar gida ko yana so ko ba ya so.

Ranar zuwan tawaga layin ya yi fes. Mazan suka zauna, suka ci, suka sha, suka yaba. Mace guda ce a cikinsu, injiniya, riƙe da sanda mai lambobi, ita ta ƙi zama. Ta bi layin tana tsayawa tana wucewa. Ta tambaya da Mosanci, "Nan ne aka ce ruwa ya ci?" Maman ya ji kamar ta mare shi. Da ta nufi zauren gidansa, ya tare ta da fara'a ya maido ta rumfa, don ba a kai baƙo ya ga tsiraicin gida. Can ana rabon nama, ya hango Rafi'u ya ja ta cikin nasa gidan. Sun ɗan jima kafin su fito.

A lokacin bai kawo komai a ransa ba. Yanzu kuwa, yana tafe ƙafa ɗaya a ƙasa, abin ya haɗu masa. Ina surukan Rafi'u suke zaune? Wemtenga.

Ya same shi bakin gareji yana wanke hannu da fetur. A gaban jama'a ya ci kwalarsa.

"Munafuki! Me ka raɗa wa matar nan?"

"Ɗakina na nuna mata."

"Ɗakinka! Sarauniya ka ajiye a ciki? Kai in ruwa ya zo sai ka hau motarka ka koma Nijar. Ni uwata fa, a kai zan ɗauke ta?"

Rafi'u bai rama ba. Ya dube shi kawai, ya ce, "Je ka tambaye ta."

Daga ranar Zango ta daina amsa sallamar Rafi'u. Matarsa ta daina zuwa famfo sai in babu kowa. Gabas kuma ta fara haɗa hadari da yamma, yana tasowa yana watsewa. Tsohuwar Maman ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye bakin ƙofa.

Maman ya yi ta sintiri ofishin masu aikin, masinja na cewa Madam ta fita, har ranar da ya ritsa ta tana ƙoƙarin tada babur ɗinta. Bai gaishe ta ba. Ya riƙe kan babur ɗin.

"Madam, ban zo roƙo ba. Suna nake so. Wane ne a cikinmu ya sayar da mu?"

Ba ta gane shi ba, don unguwannin da ta zaga suna da yawa. Da ya ce Zango, sai ta kashe injin.

"Direban nan ne ya aiko ka? Ya yi ƙoƙari, wallahi. Ya nuna mini bangon ɗakinsa, na auna, ya kusa ƙirjina. Amma gida ɗaya ba ya zama unguwa."

"Me kika auna?"

"Abin da aka aiko mu aunawa, Baba. Kowa na cewa ruwa ya ci shi, don haka ba a bin bakin mutane. Zanen da ruwa ya bari a bango muke bi, inda ya fi tsawo a jere nan kuɗin ke zuwa. Da na samu ko gida biyar irin nasa, ku ne na farko."

Ta gyara zaman jakarta, ta girgiza kai.

"Sunan da kake nema ban san shi ba. Amma in ka koma, ka tambayi wanda ya bi layinku gida-gida ya shafe shi da farar ƙasa kafin mu zo."