Giɓi a Jikin Goruba

Tana miƙa hannu saman kabad ta ji gorubar da lema. Da ta sauko da ita, sai ta ga an gwaguye gefe guda har ƙwallon ya bayyana.

"Ɓera ne," in ji ƙanin mijinta daga bakin ƙofar kicin.

"Ɓera mai giɓi?" Ta nuna masa. A tsakiyar shatin haƙoran akwai siririn layi da ba a taɓa ba, daidai inda mijinta ya rasa haƙorin gaba.

"Haba, matar Yaya! Mutumin da shekara biyu ko cokali ba ya iya riƙewa? Ki yi masa jiƙonsa kamar kullum. Yau ki ninka garin, kowa ya huta."

Ya fice abinsa. Ta daka goruba, ta jiƙa, ta tace. Ta barbaɗa farin garin nan da suke kashe masa jiki da shi tun ranar da likita ya ce zai iya miƙewa. Ta zuba a kofi, ta nufi ɗakin mijinta.

Babu kowa a gadon.

Ƙofa ta rufe a bayanta, makulli ya juya. Ga mijinta tsaye da ƙafafunsa, yana sakace haƙori.

"Sannu da ɗawainiya, amaryata. Wata shida ina tofar da jiƙon nan bayan gado." Ya leƙa kofin. "Na yau ya yi kauri. Ɗanɗana min tukuna."