Shaidar Mai Awon Filaye

Ranar da mai awon filaye ya shaida wa alƙali cewa katangar mahaifin wadda yake nema da aure ta ci filin marayu, ya je ƙofar gidansu bayan la'asar. Ta fito riƙe da zobensa, ta kasa kallon fuskarsa.

"Baba ya rantse ba zai ba ka ni ba."

"Kin so in yi shaidar zur?"

"Da ka yi, da na raina ka har abada." Ta miƙa masa zoben. "Ka yi daidai, Malam. Allah Ya ba ka lada."

Ya sha karantawa a littattafan magabata cewa sa'ada tana tare da kyakkyawan hali. Ya tsaya yana jiran ta sauko masa, har ya ji an sa sakata.