Gwarzon da Ke Cikin Gilashi

"Zo ki ga namiji!" na ce wa 'yata, ina ƙwanƙwasa gilashin gidan tarihin.

Ƙasusuwan wani kakanmu ne na zamanin Viking, mayaƙan tekun nan na arewacin Turai, kwance cikin kwale-kwalen da aka binne shi a ciki, ga filafilin tuƙi a gefensa. Ƙashin damtsensa ya taɓa karyewa, ya haɗe.

Ban yi boko ba, amma teku ya sha haɗiye ni yana tofarwa, na san gwarzo in na gan shi. Shi ya sa na rantse gara in sayar da jirgina na kamun kifi da in bar wa mace, ko da 'yata ce, wadda ta girma tana jan taru da ni.

"Babu inji, babu rumfa, haka ya yi tuƙi cikin ƙanƙarar nan! Ke kya iya?" na ce mata.

Mai yi mana bayani ta murmusa. "Baba, ai ƙasusuwan mace ne."

"To fa!" in ji 'yata. "Baba, ƙara ƙwanƙwasawa mana."

Na cire hulata. Na daɗe ina kallon yatsun da ke cikin gilashin, sannan na dubi na 'yata, duk gishiri ya farfasa su.

"Gobe ke za ki tuƙa," na ce. "Amma kowa ya sani, ni na koya miki."