Mai Ɗanwake da Masan Gidan Haya

Wata Asabar da hantsi, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da masai ɗaya tal, wani mai facin taya ya karɓi kwanon ɗanwake a hannun matar da ke sayarwa a ƙofar gidan. Bai kai loma baki ba ya ga ƙudaje na fitowa daga lungun masan suna sauka a bakin kwanon. Ya ajiye ya tafi, abokan aikinsa ma suka daina zuwa. Da wannan tukunya matar take ciyar da 'ya'yanta. Ga shi kuma a gidan an ɗauka duk wadda aka gani tana wanke masai, ita ce ta ɓata shi. Saboda haka kowa ya toshe hanci ya shiga, ya fito yana zagin wanda bai sani ba.

Washegari mai ɗanwaken ta jira tsakar gida ta cika, sannan ta ɗauki bokiti da tsintsiya ta shiga. Wata maƙwabciya mai tankaɗe ta ɗaga murya: "Maman Biyu, ashe ke ce mai yi mana ta'asar!" Ta ce, "Ni ce, Yaya. Gobe ma ni ce." Ta darje daɓen, ta rufe ramin da tsohon murfin tukunya, ta ajiye gwangwanin tokar murhunta don barbaɗawa, ta rataye sabulu da zare kusa da buta. Haka ta yi ta yi kullum, ana dariya. Amma da wurin ya zama fes, kunya ta koma kan mai ɓatawa, domin mai shiga bayansa ya san wanda ya fito. Iyaye suka fara bin yaransu da ruwa. Wani tela a gidan ya gyara ƙyauren masan da ya karye. Wata safiya mai tankaɗen nan ta zo da kanta, tsintsiya a hannu, ta ce, "Akwai sauran toka?"

Damina ta wuce, amai da gudawa bai kwantar da yaro ko ɗaya a gidan ba. Mai facin taya ya dawo cin ɗanwakensa, har da yi wa ramin sabon murfi na roba.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: halin wanda kake zama da shi, mai kyau ko mummuna, sai ya shafe ka.