Saukar Malam Nasidi a Gonarsa

"Man da ke motsa fikafikai da tayoyi ya tsiyaye," in ji ma'aikacin jirgin. "Ba za mu kai Kano ba. Alhazai, kowa ya yi kalmar shahada."

Jirgin ya ci gaba da kewayawa yana yin ƙasa. Malam Nasidi ya leƙa ta taga, sai ya hango wani gari a ƙasa. Zoza ce, garinsu. Ga masallaci, ga rimin ƙofar gidansa.

"Matuƙi ya hango wani fili babu kowa," in ji ma'aikacin. "Can zai gwada sauka. Ko mu ba mu tsira ba, na ƙasa za su tsira."

Malam ya gane filin. Gonarsa ce, an riga an cire gyaɗa. Ya lumshe ido ya ce, "Alhamdulillahi, iyalina dai suna gida."

A ƙasa kuwa, matarsa Laure ta ɗaga kai ta hango jirgin yana kewayawa, sai ta rangaɗa guɗa. Yau ce ranar dawowar alhazai, kuma ba ta manta wasan da ya yi mata ranar tafiya ba.

"Wallahi Malam ya cika alkawari! Cewa ya yi sai ya sa an sauke shi a gonarsa!"

Ta goya autarsu, ta ƙwala wa yara da maƙwabta kira.

"Ku yi sauri, jama'a, mu tafi gona! Kada Alhaji ya sauka bai tarar da kowa ba!"